Darasi: Me Ya Sa Ake Bin Sawun Cutar Korona?

'Yan'uwa, cutar Korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019. A watan Maris na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta zama annoba. Tun daga nan masana suke bin sawunta, gama duk sa'ad da ƙwayar cutar ta hayayyafa takan ɗan sake kama. Ta haka aka sami nau'in Delta a Indiya, sa'an nan Omikron, wanda masanan Afirka ta Kudu suka sanar a watan Nuwamba na 2021.

Wannan sake kama ya shafi magani ƙwarai. Akwai magungunan da ake bayarwa ta jijiya, masu manne wa ƙayoyin da ke jikin ƙwayar. Da Omikron ya sauya ƙayoyinsa, yawancinsu suka daina aiki. Amma Paxlovid, maganin haɗiya da Amurka ta amince da shi a watan Disamba na 2021, hayayyafar ƙwayar yake tsayarwa, don haka ya ci gaba da amfani. Ana shan sa a gida har kwana 5, muddin an fara cikin kwana 5 da ganin alamu. Sai da iznin likita, domin ba ya jituwa da waɗansu magungunan zuciya.

A watan Mayu na 2023 Hukumar ta janye matakin gaggawa, amma cutar ba ta ƙare ba. In tsohonmu ko mai ciwon sukari ya kama tari da zazzaɓi, kada mu yi jinkirin kai shi asibiti.