Idan Akwatin Talabijin Ya Ja Ka: Dalili da Magani

Tun da aka buɗe tashar talabijin ta farko a Nijeriya a birnin Ibadan cikin 1959, aka kuma buɗe ta Kaduna cikin 1962, akwatin talabijin ya yi ta shiga gidajen jama'a, har ya zama kayan ɗaki kamar tabarma da fitila. To, amma akwai wani abu da mutane da yawa kan gamu da shi su yi shiru. Mutum ya kai hannu bayan akwatin zai ɗaura wayar eriya, sai ya ji wuta ta ɗan ja shi. Waɗansu kan ce ai haka kayan wuta suke. Waɗansu kuwa sukan tsorata har su yar da akwatin da ba abin da ya same shi. Duka biyu kuskure ne. Jan wutar nan iri uku ne, kuma lalle ne kowane maigida ya iya rarrabe su, domin ɗaya daga cikinsu yana kisa.

Bolt da Amfiya

Kafin mu shiga bayani, ya kamata a san ma'auni biyu. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta, amfiya kuwa ma'aunin yawan wutar da ke gudana. Misalinsu kamar ruwan tanki ne. Tsawon hasumiyar da tankin ke kai shi ne bolt, yawan ruwan da ke zubowa shi ne amfiya. Ko da tanki ya kai rufin bene, in hujin da ke jikinsa na bakin allura ne, ɗigo kaɗai zai sauko.

Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Abin da ke yi wa jiki lahani shi ne yawan wutar da ta ratsa shi, ana kuwa auna wannan da miliamfiya, watau kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Mutum yakan fara jin wuta tun daga wajen miliamfiya 1. In ta kai kamar 10, tsokar hannu takan ƙanƙame har ya kasa sakin abin da ya riƙe. In ta haura 30 ta ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya.

Iri na Farko: Tartsatsin Hunturu

Wannan shi ne wanda kan ce "ƙas" sau ɗaya ya wuce. An fi jinsa a lokacin hunturu sa'ad da iska ta bushe. Gogar tufafin leda da jiki, ko tafiya a kan darduma, kan tara wata 'yar wuta a jikin mutum, da ya taɓa ƙarfe sai ta fita gaba ɗaya. Gilashin tsohon talabijin mai ƙaton baya shi ma yakan tara irinta, shi ya sa yake jan gashin hannu da ƙura. Alamarsa ita ce in ka sake taɓawa ba za ka ji kome ba. Wannan ba shi da haɗari.

Iri na Biyu: Yoyon Wuta

Wannan kuwa ba ya yankewa. Muddin hannu na kan ƙarfen, mutum zai riƙa jin wani zir-zir kamar tafiyar kiyashi, musamman a bakin ramin eriya, ko a kan kusoshin bayan akwati, ko a jikin dikoda.

Ga dalili. Yawancin talabijin na zamani ba su da wayar ƙasa. An yi musu rufi riɓi biyu a ciki, ana kuwa gane su da alamar murabba'i cikin murabba'i a takardar da ke manne a bayansu. A sashen da ke karɓar wuta akwai waɗansu ƙananan na'urori da ake kira kafasita, waɗanda aka sa domin su hana akwatin damun rediyo da sauran kayan wuta. Ta cikinsu ne wata 'yar wuta kan sulale zuwa ƙarafan akwatin. Da yake babu hanyar da za ta bi ta shiga ƙasa, sai ta tsaya nan tana jiran wanda zai taɓa. In mai gyara ya auna da mita yana iya ganin wajen bolt 115, watau rabin wutar gida, testa ma takan kama. Amma wannan shi ne hujin allurar da muka ambata: a akwati mai lafiya wutar ba ta kai miliamfiya 1 ba.

Sai dai fa a lura. In an haɗa talabijin da dikoda da na'urar ƙara sauti da waya ɗaya, yoyonsu yakan taru ya ƙaru. Haka kuma wanda ke tsaye ba takalmi a kan daɓen siminti, ko wanda ya gama alwala hannunsa da danshi, zai fi jinta ƙwarai, domin jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare wuta. Ɗan jan da ba ya kisa yana iya firgita wanda ke kan tsani yana gyaran eriya har ya faɗo.

Iri na Uku: Lalacewar Rufi ko Wayoyin Gida

Wannan shi ne abin tsoro. Yakan faru idan ɓera ya ci rufin waya, ko ruwan sama ya biyo wayar eriya ya shiga akwati, ko kafasita ta lalace, ko kuma wanda bai san aiki ba ya haɗa wayoyin soket a juye. A nan cikakkiyar wutar gida ce ke kan ƙarfen. Alamominsa su ne jan da ke da zafi ko mai fizge hannu, jan da ke ƙaruwa kullum, ƙaurin roba, filogi mai zafi, fis mai yawan ƙonewa. In kuwa firij da dutsen guga da famfo duk suna ja, to, laifin yana ga wayoyin gidan, ba a talabijin yake ba.

Kada kowa ya gwada da hannunsa don ya san ko wane iri ne. Duk jan da ya maimaitu, a cire filogi a kira masani.

Amfanin Wayar Ƙasa

Filogi mai ƙafa uku yana da wayoyi uku. Mai ruwan ƙasa-ƙasa ita ke kawo wuta, shuɗiya ita ke mayar da ita, mai ratsin kore da rawaya ita ce wayar ƙasa. A tsofaffin gidaje za a tarar da ja da baƙa da koriya. Wayar ƙasa tana tafiya har zuwa wani sandan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa a gefen gida. Aikinta shi ne ta kwashe duk wutar da ta ɓace hanya kafin ta bi ta jikin mutum. Gidaje da yawa suna da soket mai rami uku alhali ba a haɗa na ukun da kome ba. A waɗansu kuma sandan ya yi tsatsa, ko ƙasar ta bushe da rani har ba ya aiki sosai. Akwai kuma wani makatsi da ake sa wa a allon wutar gida, wanda kan yanke wuta nan take da zarar yoyo ya kai miliamfiya 30. Kuɗinsa bai kai na talabijin ba.

Abubuwan Kiyayewa

1. Cire filogin talabijin da na dikoda kafin ka ɗaura ko ka kwance kowace waya.
2. Kada ka taɓa kayan wuta da jiƙaƙƙen hannu ko ba takalmi.
3. Kada ka cusa tsirarar waya cikin soket, kada ka karya ƙafar filogi ta uku, kada kuma ka sa waya a madadin fis.
4. Kada ka ɗaura wayar ƙasa a jikin ƙusa ko bututun ruwa. Ma'aikacin lantarki ne zai haɗa ta, shi ne kuma zai haɗa wayar eriya da ta janareto da ƙasa.
5. Kada ka buɗe bayan akwati. Tsohon talabijin mai launi yana aiki da wajen bolt 25,000 a ciki, yana kuma riƙe wuta ko bayan an kashe shi.
6. Kafa eriya nesa da wayoyin wuta na titi. In hadari ya taso, cire eriya da filogi tun kafin a fara tsawa.
7. Rufe bayan akwati daga hannun yara.

Idan wuta ta kama mutum, kada ka taɓa shi. Kashe babban makunnin gida, ko ka ture shi da busasshen icce. In ba ya numfashi, a fara danna masa ƙirji, a kira lamba 112, a gaggauta kai shi asibiti.

Dokar 2015 ta kafa hukumar NEMSA domin duba wayoyin gine-gine da ba masu aikin lantarki takardar shaida. Nemi ganin wannan takarda kafin ka ba kowa aikin gidanka, ka kuma sa a auna wayar ƙasa tun kafin damina ta kama. Rigakafi ya fi magani.