Mu kasa kalmomi kashi-kashi

1. Mu karanta

Lamorde tana ƙetaren kogin Isa, a ɓangaren Yamai da ake kira Harobanda. Da Zabarmanci, Harobanda tana nufin bayan ruwa. Lamorde kuwa kalmar Fillanci ce, ma'anarta mazaunin sarki. A da ƙauyen Fulani ce, sai da jirgin fito ake zuwa birni. A shekarar 1970 aka buɗe gadar Kenedi, birni ya ƙetaro. Yanzu jami'ar Abdu Mumuni da babban gidan likita suna nan kusa. A bakin kogi akwai garake da gonakin shinkafa, akwai kuma masunta.

Wata rana wata tsohuwa ta aiki jikanyarta bakin kogi. Ta ba ta jika guda, ta ce:

— Ƴar nan, je ki sayo mini tarwaɗa.

— To, Kaka.

Da ta isa sai ta ce wa masunci:

— Baba, a ba ni kifi.

— Wane iri, ƴata?

Yarinya ta yi shiru. Sunan ya ɓace mata, domin a wurinta kowane kifi, kifi ne. Ta ce:

— Irin abin nan... kifi dai.

Masunci ya ƙulle mata karfasa. Da ta koma gida, Kaka ta taɓa kifin, ta ji ɓawo. Ta ce:

— Kai, ƴar nan! Karfasa ƙaya gare ta, ni kuwa idona ba ya ganin ƙaya. Shi ya sa na ce tarwaɗa.

Kuɗi sun riga sun tafi. Ran nan Kaka da romo kaɗai ta ci tuwo.

Da safe yarinyar ta ba da labari a aji. Malam ya ce: «Rashin sani ya fi dare duhu. Ku dubi mai sayar da kayan miya. Ba ta zuba albasa da barkono da gishiri wuri ɗaya. Kashi-kashi take kasa su, shi ya sa hannunta ba ya lalube. Mu ma haka za mu yi wa kalmomi.»

2. Mu tara kalmomi

Ƴan ajin suka tafi bakin kogi. Abin da suka gani, suka tambayi sunansa. Masunta kuma suka ƙara musu da sunayen waɗanda ba su gani ba. Ga kalmomi 20 da suka kawo:

tarwaɗa, koma, albasa, dorina, hauya, karfasa, zogale, ƙugiya, kada, guga, giwan ruwa, shinkafa, jirgi, kwaɗo, lauje, gaiwa, kuɓewa, taru, ayu, salati.

Ku kasu biyar-biyar. Ku yanka takarda ƙanana-ƙanana. Ku rubuta kalma ɗaya a kan kowace. Ku zana da'ira huɗu a ƙasa da alli ko da gawayi.

3. Tambaya ta farko: mene ne shi?

Ba a fara kasawa sai an yi tambaya. Tambaya ɗaya tak ake yi wa dukan kalmomin. Ga yadda ƴan ajin suka kasa nasu:

Kifaye: tarwaɗa, karfasa, giwan ruwa, gaiwa.
Sauran dabbobin ruwa: dorina, kada, ayu, kwaɗo.
Kayan aiki: koma, taru, ƙugiya, jirgi, hauya, guga, lauje.
Abin shuka: albasa, zogale, shinkafa, kuɓewa, salati.

Mu lura. Wani yaro ya sa ayu cikin kifaye, domin a ruwa yake zaune. Amma ayu yakan ɗago hanci ya shaƙi iska, uwa kuma nono take ba ɗanta. Ke nan ba kifi ba ne. Wata yarinya ta sa giwan ruwa kusa da dorina, domin ta ji an ce giwa. Giwan ruwa kifi ne, girmansa ne ya jawo masa sunan.

Kashin kifaye ma yana kasuwa biyu. Karfasa da giwan ruwa suna da ɓawo, sai an kankare. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, jikinta santsi gare shi, tana da gashin baki. Da yarinyar nan ta san haka, da Kaka ta ci kifi.

4. Tambaya ta biyu: wa ke aiki da shi?

Ku ɗauki kashin kayan aiki kaɗai.

Na masunci: koma, taru, ƙugiya, jirgi.
Na manomi: hauya, guga, lauje.

Kalmomin ba su sake ba, tambaya ce ta sake. Da ta sake, kashi ɗaya ya koma biyu.

5. Tambaya ta uku: ne ko ce?

Ku haɗe takardun duka, ku gauraya. Kowa ya zari ɗaya, ya karanta da ƙarfi, ya ƙara «ne» ko «ce».

Jirgi ne. Taru ne. Zogale ne. Waɗannan sunaye namiji ne.
Koma ce. Hauya ce. Shinkafa ce. Waɗannan sunaye tamata ne.

Yawancin sunayen tamata da wasalin a suke ƙarewa. Amma ku yi hankali! Muna cewa kada ne, guga ne, ruwa ne, gida ne. Kada ku dubi ƙarshen kalma kaɗai. Ku faɗe ta, kunne ya ji.

Tun daga shekarar 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, ake koya wa yara karatu da Hausa kafin su kama Faransanci. Mu masu harshe biyu ne a aji, sai mu gwama su:

gada ce: le pont
shinkafa ce: le riz
rana ce: le soleil
jirgi ne: la pirogue
wata ne: la lune

Kun gani? Abin da yake tamata a Hausa yana iya zama namiji a Faransanci. Saboda haka kullum ku rubuta sunan Faransanci tare da «le» ko «la» nasa.

Kowane harshe da yadda yake kasa sunayensa. Zabarmanci ba ya raba namiji da tamata: kalmar «a» ita ce «ya», ita ce «ta». In abokinku Bazabarme ya ce «yarinya ya zo», kada ku yi masa dariya, ku gyara masa. Fillanci kuwa kashin sunayensa ya haura 20. Ku saurara: ndiyam, ruwa, kosam, nono, nebbam, mai. Duka uku abin zubawa ne, duka uku da «am» suke ƙarewa.

6. Kalma mai gida uku

Gardama ta tashi a kan kwaɗo. Wani ya ce dabba ne. Wata ta ce abinci ne. Wani kuma ya ce na rufe ƙofa ne. Malam ya ce kowa ya sa shi cikin jimla.

Kwaɗo ya yi tsalle ya faɗa ruwa.
Inna ta yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli.
Baba ya rufe shago da kwaɗo.

Kowa ya yi gaskiya. Jimla ce take nuna gidan kalma. Irin wannan kalma takarda uku ake yanka mata. Kwaɗon zogalen nan shi ne Zabarmawa suke kira kopto.

7. Wasa: baƙo a gida

A kowane layi akwai baƙo ɗaya. Ku fitar da shi, ku faɗi dalili.

a) tarwaɗa, gaiwa, kada, karfasa
b) koma, lauje, taru, ƙugiya
c) albasa, kuɓewa, shinkafa, zogale
d) gida, ruwa, guga, hauya

Layi na c yana da amsa biyu. Wace tambaya ce take fitar da shinkafa? Wace ce take fitar da zogale?

8. Mu riƙe

Kafin a kasa kalmomi, sai a yi tambaya ɗaya.
In tambaya ta sake, kashi ya sake.
Kalmar da ta rikita mu, mu sa ta cikin jimla.
Kalmar da ke cikin ƴan'uwanta ba ta saurin ɓacewa.

9. Tambayoyi

a) Mece ce ma'anar Lamorde? Daga wane harshe kalmar ta fito?
b) Don me Kaka ta fi son tarwaɗa?
c) Don me ba a sa ayu cikin kifaye ba?
d) «Kaka ta ba jika jika.» Mece ce ma'anar jika ta farko? Ta biyun fa?
e) Ku yi jimla biyu da «gada», ɗaya da «gaɗa».

10. Aikin gida

a) A shekarar 2012 da ta 2020 kogi ya cika, ruwa ya shiga gidajen Lamorde, mutane da yawa suka bar gidajensu. Ga kalmomi 9: hadari, gudu, laka, marka, jirgi, gyara, buhun yashi, sauro, tudu. Ku kasa su uku: kafin ambaliya, lokacin ambaliya, bayan ambaliya. Wace kalma ce ta shiga kashi biyu?

b) Ku tambayi kakanku ko wani dattijo sunayen kifaye 5 ko na itatuwa 5 da ba ku sani ba. Ku tambaye shi kamannin kowane. Ku rubuta a kaye, kowane kashi da shafinsa. Gobe kowa zai karanta wa aji nasa.