Amsoshin Tambayoyinku: Ina Son Fara Farautar Tsuntsaye da Kare, Ta Ina Zan Soma?

Tambaya: Ni matashi ne daga Gude a ƙaramar hukumar Kabo. Ina sha'awar farautar fakara da zabin daji da kare, amma a gidanmu ba wanda ya gaji farauta. Wane irin kare zan nema, yaya zan horar da shi, kuma wa zai koya mini?

Amsa: Zan soma da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ya kamata ta zo farko. Ka nemi malami kafin ka nemi kare. Ɗan koyo da ɗan kwikwiyo idan suka shiga daji su kaɗai, ɓata juna suke yi, kuma halin da kare ya ɗauka a shekararsa ta farko da wuya ya bar shi.

Mafarauta a ƙasar Hausa suna da shugabanci, wani gari a ce Sarkin Dawa, wani a ce Sarkin Baka. Ka je wurin mai unguwarku ko dagaci ka tambayi wanda ke riƙe da wannan matsayi, idan babu a kusa a nuna maka na Kabo, Garo, Getso ko Gwarzo. Kada ka je kai kaɗai. Mahaifinka ko kawunka ya kai ka, da ɗan goro a hannu, ya ce ga yaro ya kawo amana. Wannan gabatarwa ce ke sa dattijo ya ɗauke ka kamar ɗansa. Bayan nan kuma sai haƙuri: za ka yi ta ɗaukar gorar ruwa da burgami, kana riƙe igiyar karnuka, kana bin baya. A nan ne za ka koyi bambance sawun zabo da na kaza, da gane inda fakara ta yi wankan ƙasa.

Sai dai ka zaɓi malamin da idon basira. Farautar gayya, wadda ake fita da gangi da ƙaho da ɗaruruwan mutane, ta zomo ce da gada da makamantansu, kuma a cikinta ne ake yawan rigimar ƙwacen nama har a ji wa juna rauni. Tsuntsu ba ya son hayaniya. Wanda kake nema shi ne maharbin da ke fita da asuba, shi da yaro ɗaya ko biyu. Ka kuma dubi karnukansa. In ka ga haƙarƙarinsu a waje, kaska ta cika musu kunne, suna maƙalewa idan ya ɗaga hannu, to ka gaishe shi da ladabi ka nemi wani.

Batun kare kuwa, na san kana ganin bidiyon karnukan Ingila da Amurka a waya, waɗanda ke tsayawa cak su nuna inda tsuntsu ya ɓuya. Ɗaruruwan shekaru aka yi ana tace irinsu don wannan aiki, suna da tsada, kuma zafin watan Maris da Afrilu na ƙasarmu yana wahalar da su. Karenmu na gida ɗan gudu ne, ya saba da rana da ƙaya, kuma yana iya aikin tsuntsu ta hanyarsa. Dubi yadda abin yake: garken zabi idan ya ga mutum, da ƙafa yake tserewa, ba ka cim masa. Amma idan kare ya fafare su sai su tashi su sauka a kan bishiya, hankalinsu duk yana kan karen da ke haushi a ƙasa, maharbi kuma ya lallaɓo ta baya. Ita fakara da sassafe za ka ji kukanta daga kan suri ko kututture, da ta ji motsi sai ta sulale cikin sabara ko tarin kara ta lafe. Hancin kare ne ke tono ta, shi ne kuma ke nemo wadda aka harba ta faɗa cikin ciyawa.

Don haka kada ka sayi kwikwiyo a kasuwa. Ka roƙi malaminka ya sama maka daga karyar da aka san aikinta, bayan ya kai wata biyu yana shan nono. Zaɓi mai yawan shinshine-shinshine, wanda ba ya firgita idan an tafa hannu.

Yana cika wata uku a yi masa allurar ciwon hauka, a riƙa sabuntawa duk shekara. Wannan ba abin sakaci ba ne, domin da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin wannan allura, kuma ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma za su nuna maka inda ake samu. Ka tambaye su har da allurar gudawar jini mai kashe 'yan kwikwiyo, da maganin tsutsar ciki da na kaska.

Horo a gida yake farawa, tun da damina, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne ya amsa kira. Ka zaɓi fito iri ɗaya, kada ka sauya, duk lokacin da ya zo ka ba shi loma. Na biyu, ka busar da fiffiken zabo, ka ɗaura shi a tsumma, ka ja shi a ƙasa zuwa bayan rumbu, sannan ka sake shi ya bi wari. Idan ya samo, ka karɓa a hankali ka ba shi lada, kada ka yi ja-in-ja da shi, don daga nan kare ke koyon tauna nama. Na uku shi ne wanda ke haɗa mafarauci faɗa da unguwa: kajin maƙwabta da zabin gida. Ka riƙa ratsawa da shi cikinsu a igiya, ya yunƙura ka tsawata. Duka ba ya koyar da kare komai sai tsoro. Idan ya kai wata takwas zuwa goma, sai ya fara bin tsohon karen malaminka, ya riƙa jin ƙarar bindiga daga nesa kafin a matso da shi.

Lokacin fita shi ne bayan an kawar da amfanin gona, cikin hunturu da rani. Kwari da bakin fadamu, irin na kewayen madatsun Guzuguzu da Magaga, su ne inda tsuntsaye ke bin ruwa, amma can ne kuma masu noman rani suke, saboda haka ka nemi izini kafin karenka ya taka wa wani tumatir. Ku dawo kafin rana ta take, ka duba tafin ƙafarsa ka cire ƙarangiya. Da damina kuwa a ajiye farauta, don lokacin ne zabuwa ke kwanci, kwana 26 zuwa 28. Dattawa suna kukan daji ya ƙare, gonaki sun cinye shi. Wanda ya kashe uwa a kan ƙwai ko ya cinna wa ciyawa wuta yana ƙara wa kansa wannan kuka ne. Gauraka da tuje ka bar su ko sun zo gabanka.

Ta fuskar addini, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, Risala ta Ibn Abi Zaid ma ta yi bayanin hukuncin. Ka yi bisimilla lokacin sakin kare, idan ka tarar da tsuntsu da rai ka yanka shi, don haka wuƙa mai kaifi ba ta barin jikinka. Sauran rassan mas'alar ka zauna da limaminku.

Bindiga, ko ta toka ce, tana buƙatar lasisin 'yan sanda, kuma ba abin shekarar farko ba ce. Dajin Falgore gandun gwamnati ne, ba a farauta a ciki. Ka yi rajista da ƙungiyar mafarauta ta yankinku ka riƙe katin shaida. Ba mu manta da mafarauta 16, akasarinsu 'yan jihar Kano, da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, Allah ya jiƙansu. Ko a nan gida, wajen iyakar Katsina, kada ka shiga daji sai malaminka da mai unguwa sun san inda ka nufa da lokacin da za ka dawo.