Kare Lafiyar Masu Gudun Hijira a Rabah da Kewaye

Tun harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a watan Yulin 2018, wanda ya kora jama'a zuwa Gandi, ƙasar Rabah ba ta rabu da masu gudun hijira ba, haka ma Goronyo da Wurno. Wasu suna kwana a azuzuwan firamare, wasu dangi ne suka rungume su. Gidan da aka gina wa mutum goma yau yana ɗauke da talatin, ga masai ɗaya, ga randa ɗaya.

Cutar da ta fi saurin kisa a irin wannan cunkoso ita ce kwalara. A 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Sakkwato kuma tana cikin jihohin da abin ya shafa. Ƙwayar cutar tana fita ne a bayan gida. Da damina ruwan sama kan kwashe kashin da aka yi a fili ya zuba a rijiya marar murfi ko a gulbi, washegari a ɗebo a sha.

Idan aka ga zawo tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, kada a ɓata lokaci wajen neman Flagyl a kemis. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i. A kaɗa fakitin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya wata. In babu, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a wannan lita ɗaya ta ruwa, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A riƙa ba marar lafiya kurɓi-kurɓi ko da yana amai, ana kan hanyar asibiti. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. In ido ya zurma, ko an tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa, sai ƙarin ruwa.

Randar gida ma abin lura ce. An tafasa ruwa ko an sa masa kulorin, sai yaro ya tsoma moɗa har da hannunsa, aiki ya koma baya. Jarka mai murfi ta fi. Masai kuwa ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30.

Sai ƙyanda. Yaran da suka fito daga ƙauyukan da ma'aikatan rigakafi suka daɗe ba su shiga ba, a kai su asibitin da ke kusa a yi musu allurar rigakafi ko da kati ya ɓata a gudu. Allurar kyauta ce. Ɓoye yaro mai ƙyanda a ɗaki, kamar yadda aka saba, shi ke shafa wa sauran.

Masu unguwanni da limamai, ku ne kuka san gidan da aka sauki baƙi. Da kun ji mutum biyu ko uku sun kwanta da amai da gudawa a unguwa ɗaya, ku sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma a ranar, kada a jira a ga gawa.