Kafin Ta Sayar da Akuyarta Ta Fanshi Kanta

Cikin matan karkara da ke zuwa wurin lauyoyin agaji, da wuya a sami wadda za ta fara da maganar haƙƙinta. Abin da yawancinsu ke buɗe baki da shi shi ne, "Ni dai a karɓo mini takardata." Wata ma da kuɗi take zuwa, ƙulle a bakin zane, na akuyar da ta sayar ko na kwanukan ɗakinta, domin a gida an gaya mata cewa duk macen da ta nemi rabuwa sai ta mayar da sadaki. Lauyar da ke wannan rubutu ta daɗe tana zama da irin waɗannan mata, kuma sau da yawa abin da take fara ce wa baiwar Allah shi ne ta adana kuɗinta tukuna, domin da alama ita ce ke bin bashi.

Akwai wata da ta zo daga wani ƙauye da mota ba ta shigarsa da damina. Mijinta ya tafi cin rani Legas, ya ce da ruwa ya sauka zai dawo. Damina uku ta wuce. Da farko yakan turo ɗan abin da ya samu, daga baya lambarsa ta daina shiga, sai labari ya iso cewa ya yi sabon aure a can. Ya bar ta da 'ya'ya huɗu da tsohuwar mahaifiyarsa. Ita ke surfe da dakau a gidajen mutane, ita ke ɗora wa babbar 'yarta tallan ƙuli-ƙuli maimakon makaranta. Duk sanda ta kai kuka gidan iyayenta sai a ce, "Yi haƙuri, 'yar nan, aure ibada ne," a haɗa ta da ƙanenta ya mayar da ita. Ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba.

Babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata abin da ke cikin littattafan da alƙalan ƙasar nan ke hukunci da su. Kotunan shari'ar Musulunci a Arewa suna bin mazhabar Malikiyya, da Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa a gabansu, kuma matsayinsu a fili yake. Ci da sha da sutura da wurin kwana wajibi ne a kan miji, ko da matar tana da abin hannunta. Idan yana da hali ya ƙi ciyarwa, abin da ta kashe wa kanta a wannan lokaci bashi ne a kansa. Idan ya yi tafiya ya bar gona ko dabbobi, alƙali na iya yanka mata abin ciyarwa daga cikinsu bayan ta yi rantsuwa cewa bai bar mata komai ba, bai kuma aiko ba. Idan babu abin da za a kama, sai a ɗiba masa wa'adi, in ya cika bai ciyar ba, alƙali ya sake ta a madadinsa. Ba ta biyan ko kwabo. Khul'i, wato mace ta fanshi kanta da dukiya, na wadda ta gaji da zaman ne ba tare da an cutar da ita ba. Wadda aka bari da yunwa ba ta cikin wannan sahu, amma saboda rashin sani ana tura ta can, ta fita hannu rabbana bayan shekarun wahala.

Akwai wata ƙa'ida a Mukhtasar da ya kamata kowace uwa a ƙauye ta sani. Idan miji ya dawo daga tafiya ya ce ai yana aiko da kuɗi, matar ta ce bai aiko ba, maganar wa za a ɗauka? Idan ta riga ta kai ƙara gaban alƙali tun yana can, maganarta ce abin kamawa daga ranar da ta kai ƙarar. Idan kuwa maƙwabta kaɗai ta yi ta faɗa wa, to maganarsa za a ɗauka, ya rantse ya wuce. Ke nan duk watan da aka sa ta yi shiru a ɗaka, hujjarta ce ke raguwa. Iyayen da ke hana 'yarsu zuwa kotu don gudun abin kunya, ba su san asarar da suke ja mata ba.

Matar nan da mijinta ya tafi Legas dai daga ƙarshe ta kai ƙara, kuma sammaci ta hannun yayan mijin ya bi. Cikin ɗan lokaci lambar da ta daina shiga ta dawo aiki. Ya ce ba zai iya riƙe gida biyu ba, kotu ta raba auren, ta bar wa uwar 'ya'yanta, ta kuma yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata. Wannan ma wani wuri ne da ake yawan tsoratar da mata, a ce in ta fita sai ta ajiye yara. A Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da renon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta, muddin babu wani dalili na shari'a da ya hana, kuma ciyar da su yana nan a wuyan uba.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta mayar da watsar da mata ko 'ya'ya ba tare da abin rayuwa ba laifi, mai hukuncin ɗauri har shekara 3, ko tarar da ta kai Naira 500,000, ko duka biyun. A Abuja ta fara aiki, daga baya jihohi da dama suka yi tasu, ciki har da Kaduna da Bauchi. Mata Kiristoci da masu auren al'ada su ma suna da kotunan da ke sauraron irin wannan ƙara.

Saura tambayar da kowace mace ke yi da sanyin murya: "To nawa ne kuɗin lauya?" Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a jihohi, kuma dokar 2011 ta faɗaɗa aikinta har zuwa ba da shawara da wasu ƙararrakin da ba na laifi ba. Wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mayar Naira 70,000 a 2024, ya cancanci taimakonta kyauta. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA tana wannan aiki a Nijeriya tun 1964, ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA tun 1999, ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. A Kano da wasu jihohi, Hisbah kan kira miji a yi sulhu, kuma gidaje da yawa a nan suke gyaruwa ba tare da an je gaban alƙali ba. Lauyan kirki ma da sulhun yake farawa, domin ko cikin masu neman takardar, da yawansu mijin suke so ya dawo ya riƙe gidansa.

Babbar matsalar ita ce nisa. Ofisoshin nan galibi a manyan birane suke, matar da ba ta da na abincin dare kuwa ba ta da kuɗin mota. A nan ne masu unguwanni da limamai da malaman makarantun Islamiyya da ungozomai za su iya yin babban aikin lada. Wanda ya san mace a wannan hali ya raka ta kotun shari'a mafi kusa, domin tana iya shigar da ƙara da bakinta ko babu lauya, sannan a nemi masu agaji ta waya su bi mata sawu. Ta tafi da waliyyinta ko wani babba daga danginta, da shaidu biyu da suka san lokacin da mijin ya tafi da halin da ya bar gidan, da lambar wayarsa ta ƙarshe, da sunan ɗan'uwansa da za a iya miƙa wa sammaci.