Ba Kowane Ruwan Sama Ke Tsai Da Ban Ruwa Ba

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kudancin Jihar Sakkwato, aikin lambu ya daɗe da barin jigo ya koma ga inji, musamman tun da aka soma shirin Fadama a 1993. Yanzu kuma ga wata na'ura ana sayarwa, wadda za a iya ce wa agogon ban ruwa. Ba ta yawaita a wannan yanki ba tukuna, amma ya kamata manomi ya san kanta tun bai kashe kuɗinsa ba.

Aikinta buɗe famfo da rufewa bisa lokacin da aka yanka mata. Tana da tsari-tsari, galibi ana kiransu A da B da C, kowanne da ranakunsa da mintocinsa da gefen lambun da yake shayarwa. Sa'an nan akan haɗa ta da wani ɗan ma'auni da ake kafawa a sarari. Cikinsa akwai 'yan faya-faye masu kumbura in sun jiƙa. Da sun kumbura sai su katse wuta, ban ruwa ya tsaya har su bushe. A na'urori masu kyau, mai lambu ne ke zaɓa wa kowane tsari, ko ya bi umarnin ma'aunin, ko ya yi biris da shi. To, a nan ne ake yin ɓarna.

Ga lissafin. Ruwan sama milimita 1 daidai yake da lita 1 a kan murabba'in mita, watau lita 10,000 a hekta. Cikin zafin Maris da Afrilu kuwa, lambu yakan sha kamar milimita 6 zuwa 8 kowace rana. Ke nan yayyafin bazara na milimita 3, wanda ke kwantar da ƙura har yara su fito suna murna, bai kai abincin yini guda ba. Amma ya isa ya kumbura ma'auni in an ɗaure shi a kan 3. Sai na'ura ta yi shiru, saiwa kuwa tana cikin busasshiyar ƙasa. Saboda haka a bazara gara a ɗaga ma'aunin zuwa 10 ko 12.

Fangalin iri, na albasa ko tattasai ko tumatir, lalle a sa shi cikin tsarin da ba ya sauraron ma'auni. Saiwarsa gajera ce, yini guda na ƙishi yana iya ƙona shi. Balle in an yi masa rumfa, don ruwan da ya jiƙa ma'auni bai taɓa shi sosai ba. Haka ma sabon dashe, sai ya kama. Amma fa mai lambu ya sa ido: ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, ya kashe tsarin da hannunsa, kada irin ya ruɓe.

Mangwaro da gwaiba da suka girma, da masara mai zurfin saiwa, su ne za a bari su bi ma'auni. Albasar da ta kusa cira kuwa ba ruwanta da wannan zance, akan yanke mata ruwa gaba ɗaya kamar mako 2 kafin cira, don ta ajiyu.

Waɗansu na'urorin ta intanet suke karɓar hasashen yanayi, su tsai da ruwa tun hadari bai haɗo ba. Wannan ya fi wuyar amincewa. Daga Tambuwal zuwa birnin Sakkwato kusan kilomita 100 ne, ruwan farkon damina kuwa mai zaɓe ne, sai ya sauka a Dogon Daji ya tsallake Tambuwal. Ma'aunin da ke tsaye cikin lambun ya fi gaskiya, in dai ana kakkaɓe masa ƙurar hunturu, ba a kuma kafa shi ƙarƙashin itace ba.

Wanda ba shi da na'ura, sai inji da yaron lambu, shi ma hukuncin ɗaya ne, tun ba yanzu da fetur ya yi tsada ba bayan janye tallafi a 2023. Ya gaya wa yaron fangalin da za a shayar ko an yi ruwa, da wanda za a ɗaga wa. Inda aka yi shakka, a tona ƙasa zurfin yatsa, a dunƙula a hannu. In ta dunƙulu a bar inji ya huta, in ta wargaje a tashe shi.