Ruwan Rijiya da Ƙasar da Ke Ƙarƙashin Sakkwato

Ya kai mai karatu, ko wace safiya a birnin Sakkwato ana jefa guga cikin rijiyoyi masu yawa. Kowa ya san ɗanɗanon ruwan unguwarsu, amma kaɗan ne suka san inda ruwan nan ya fito, da abin da ya ratsa kafin ya iso guga. Wannan darasi zai nuna maka abin da masu bincike iri uku suka gano, watau masanan duwatsu, da injiniyoyin ƙasa, da likitoci. Ko wanne da nasa aiki dabam, amma duk a bakin rijiya suka gamu. In ka fahimci maganarsu, ka san inda ya kamata a haƙa rijiya da inda ya kamata a haƙa masai. Wannan sani kuwa yana iya tsirar da ran ɗanka.

Bincike shi ne mutum ya duba abu da idonsa, ya auna, ya rubuta, sa'an nan ya sake gwadawa, har wani ma in ya gwada ya sami daidai da nasa. Hausawa sun ce, gani ya kori ji. To, bisa wannan hanya aka sami dukan abin da za ka karanta a nan.

1. Abin da masanan duwatsu suka gano

A shekarar 1919 aka kafa ma'aikatar binciken duwatsu ta Nijeriya. Ma'aikatanta biyu, Raeburn da Tattam, suka zaga lardin Sakkwato suna duban gaɓar gulbi da cikin rijiyoyi, suka buga abin da suka gani a 1930. Wani kuma mai suna Jones ya ƙara bincike, ya buga nasa a 1948. Cikin shekarun 1960 masana daga Amurka suka haɗa kai da na Nijeriya, suka haƙa rijiyoyin gwaji masu zurfi, aka buga sakamakon a 1973. Daga baya Farfesa Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya ci gaba da aikin.

Ga abin da suka gano. Ƙasar Sakkwato hawa-hawa ta ke, kamar tabarmi da aka shimfiɗa bisa juna, duka kuwa sun ɗan karkata wajen arewa maso yamma. Ko wane hawa an sa masa sunan wurin da ya fito fili. Can ƙasa akwai hawan Gundumi, na yashi da tsakuwa. Bisansa akwai hawan Taloka, da na Dukamaje, da na Wurno. Bisa waɗannan sai hawan Dange, wanda yawancinsa yumɓu ne. Bisa Dange sai hawan Kalambaina, na dutsen farar ƙasa, wanda a ke yin siminti da shi a Kalambaina tun 1967. Wajen yamma kuma hawan Gwandu ya rufe su duka.

Me ya kawo dutsen farar ƙasa nan? Masana sun ƙiyasta kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ce ta rufe wannan ƙasa. Shaidarsu ita ce ɓawon halittun teku da a ke tarar da shi cikin dutsen. A wani hawa da ya girmi wannan an sami ƙasusuwan wata babbar dabbar teku, har a 1972 aka sa mata sunan Goronyo. In kana so ka gane dutsen nan, ka kankare shi kaɗan, ka matsa lemun tsami a kan garinsa, za ka ga ya yi 'yar kumfa.

2. Yadda ruwa ya ke zama cikin ƙasa

Kada ka zaci akwai wani tafki buɗaɗɗe a ƙarƙashin ƙasa. Ruwan rijiya ruwan sama ne wanda ƙasa ta sha, ya zauna tsakanin ƙwayoyin yashi da cikin tsagogin dutse. A 1856 wani injiniya Bafaranshe, Henri Darsi, ya cika bututu da yashi a birnin Dijon, ya zuba ruwa, ya auna saurin fitarsa. Ya gane saurin nan yana bin abu biyu: irin yashin, da ƙarfin da ke tura ruwan.

Kai ma kana iya gwadawa. Nemi gwangwani biyu, ka huda gindinsu. Cika ɗaya da yashi, ɗaya da yumɓu, ka danna, ka zuba musu ruwa mai gurɓi. Na yashi zai ɗiga a hankali, ya fito ya fi dā haske. Na yumɓu kuwa da ƙyar zai ɗiga. Watau yashi yana barin ruwa ya wuce yana tace shi, yumɓu yana tare shi.

To, dutsen farar ƙasa halinsa dabam ne. Ruwan sama ya kan ci shi sannu sannu, tsagoginsa su yi ta faɗi. Ruwa ya kan bi tsagogin nan ya sauka, sai ya tarar da yumɓun Dange ya tare masa hanya, ya taru a nan. Wannan shi ne ruwan da yawancin rijiyoyin hannu na Sakkwato da kewayenta su ke samu, shi ne kuma ya ke ɓuɓɓugowa a wajen Kware. Da damina ya kan taso, da bazara ya ja baya, har waɗansu rijiyoyi su ƙafe.

Amma fa ka lura da wannan, gama shi ne gindin darasin. Ruwan da ya bi tsaga ba ya tacuwa kamar wanda ya bi yashi. Abin da ya shiga tsaga a nan yana iya fita a rijiyar can, da sauri, ba abin da ya rage masa.

Rijiyar burtsatse ita ta kan huda yumɓun Dange ta kai yashin Wurno da na Taloka. Ruwan can yumɓu ya rufe shi, ƙazantar gari ba ta kai masa da sauƙi, muddin an toshe gefen bututun da siminti. Sai dai a waɗansu wurare yana da ƙarfe, ya kan bar jan tsatsa a randa. A kwarin gulbi wajen Argungu da Birnin Kebbi an huda yashin Gwandu, ruwa ya taso da kansa ba famfo, don yumɓun da ke bisansa ya matse shi.

3. Abin da injiniya ya ke aunawa

Injiniya ba ya kafa gini, ko hanya, ko madatsar ruwa, sai ya san halin ƙasar wurin. A 1911 wani masani na ƙasar Siwidin mai suna Atabag ya tsara gwajin da a ke bi har yau. Ɗebi ƙasa, ka jiƙa ta kaɗan, ka murza ta kamar mai tufka igiya. In ta wargaje nan da nan, yashi ya yi mata yawa. In ta yi siririya ba ta tsinke ba, yumɓu ne. Maginan tukwane da masu kwaɓa tubali sun daɗe da sanin wannan da hannu. Abin da masana suka ƙara shi ne awo da lissafi.

Wani irin yumɓu ya kan kumbura da damina, ya tsuke da rani, shi ya sa bango ya kan tsage. Yashi kuma ba ya riƙe kansa, shi ya sa rijiyar da aka haƙa cikinsa ta kan rufta, wani lokaci har da mahaƙin a ciki. Maganin wannan shi ne a jera kawanyar siminti tun ana haƙa, a liƙe mahaɗin na sama ƙwarai, don kada ruwan titi ya zurara ciki.

4. Abin da likitoci suka gano

A 1854 cutar amai da gudawa, wadda a ke kira kwalara, ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan. Cikin kwana goma mutum fiye da 500 suka mutu. A zamanin nan mutane suna tsammani iska mai wari ke kawo ta. Wani likita, Jon Sino, ya bi gida gida yana tambaya, ya sa alamar ko wace mutuwa a kan taswira. Sai ya ga alamun sun taru kewaye da famfon rijiya guda. Ya roƙi hukuma aka cire hannun famfon. Da aka tona daga baya, aka tarar da wani ramin ƙazanta yana yoyo, tsakaninsa da rijiyar bai kai mita 1 ba. Bayan shekara talatin likita Bajamushe Robat Kok ya nuna ƙwayar cutar da madubin likita.

Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970. A 2021 an ƙidaya mutum fiye da 100,000 da a ke zato sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, jihar Sakkwato kuwa tana cikin waɗanda abin ya taɓa ƙwarai. Ruwa ba ya tsami banza.

Amma kada ka ce ba dabara. Tambayi dattawa labarin kurkunu, wanda ya kan kwantar da manomi daidai lokacin noma. A 1870 wani masani na Rasha, Fedcenko, ya gano 'ya'yan tsutsar suna zama cikin wani ɗan mitsitsin ƙwaro na ruwan tafki. In mutum ya sha, bayan kamar shekara guda tsutsa ta fito masa a ƙafa. Wajen 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Ba allura, ba ƙwaya. Sai aka koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle, aka hana mai kurkunu shiga tafki, aka haƙa rijiyoyi. A 2008 aka ga na ƙarshe, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar nan ta rabu da shi. Amma ka sani ƙyalle ba ya tare ƙwayar kwalara duka, gama ta fi ƙwaron nan ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Yau ana auna ruwa a ɗakunan gwaji, irin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wadda aka kafa a 1975. A kan ɗebi ruwa mililita 100, a ajiye shi cikin ɗumi kwana guda, a duba ko akwai ƙwayoyin da ke fitowa daga hanjin mutum ko dabba. Ƙa'idar ruwan sha ita ce kada a sami ko ɗaya. Ruwa yana iya yin garau a ido, alhali yana ɗauke da su.

5. Abin da ya rage gare ka

Yanzu haɗa maganar ukun. Likita ya ce cuta daga masai ta ke zuwa rijiya. Masanin duwatsu ya ce dutsen Sakkwato mai tsaga ne, ba ya tacewa. Injiniya ya ce ga yadda za a tare hanyar. Sabo da haka ka riƙe waɗannan.

Na ɗaya, tsakanin masai da rijiya kada ya gaza mita 30, watau kamar taki 40 na babban mutum. A wurin dutse mai tsaga ko wannan ba ya isa ko yaushe.

Na biyu, masai ya zama wajen gangare, rijiya wajen tudu. Gindin masai kuma ya tsaya aƙalla mita 1 da rabi bisa inda ruwa ya kan kai a ƙarshen damina.

Na uku, masan maƙwabcinka ma a lissafi ya ke, gama ruwan ƙasa bai san katanga ba. Kafin a sa diga, ku yi shawara da maƙwabta da mai unguwa.

Na huɗu, a tā da bakin rijiya, a yi mata daɓen siminti mai gangara waje, da murfi. Guga guda ya ishe ta, a rataye shi, kada a yar da igiya a ƙasa. A nisantar da turken dabbobi.

Na biyar, a cikin tsohon gari inda gidaje suka matsu, taki 40 ba ya samuwa. A nan sai a tafasa ruwan sha, ko a sa masa maganin kulorin bisa yadda ma'aikacin lafiya ya nuna, tun ba da damina ba. Haka kuma ruwan 'yan ga-ruwa, in ba ka san inda aka ɗebo shi ba. A rufe randa, a keɓe mata moɗa mai tsabta.

Na shida, in gudawa ta kama wani, ka dama sukari ƙaramin cokali 6 shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. A yi ta ba shi kaɗan kaɗan, a kai shi asibiti maza.

Masana sun yi nasu, sun auna, sun rubuta. Amma ba su ne za su zaɓi wurin masai a gidanka ba, kai ne. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwa ya ke taruwa cikin dutsen Kalambaina?
2. Ina bambancin yashi da dutse mai tsaga wajen tace ruwa?
3. Da wace dabara aka kawar da kurkunu?
4. Tashi ka auna: taki nawa ne daga rijiyarku zuwa masai mafi kusa?